Igiya a Hawa na Goma Sha Biyu

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Ubangijinmu, gaisuwar wanda kewar gida ta dama. Yaya ƙarfin jiki, yaya Inna, yaya ruwa? Yaya ƙafar Mama, kumburin ya sauka kuwa? Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tari saboda warin fenti. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Kawu, na samu aiki. Masu fenti ne suka ɗauke ni, muna shafe wani bene ta waje, hawa goma sha biyu. Ranar farko da na ɗaga kai in ga ƙarshensa hulata ta faɗi ta baya, suka yi ta dariya, wai baƙauye ya cire wa bene hula.

Bari in gaya maka yadda aikin yake don ka san abin da za ka roƙa mini. Akwai abin da suke kira lilo. Kamar dogon gadon ƙarfe ne mai shinge iya ƙugu, an rataye shi daga saman bene da wayar ƙarfe biyu. Kowane gefe da injinsa da maɓallinsa. Mutum biyu ke shiga, kowa ya tsaya gefensa. In za a hau ko za a sauka, ɗaya ya ce "danna", a danna tare, ya ce "saki", a saki tare. In wani ya makara, lilon ya karkace. Ban da wannan, kowa na sa ɗamara ta kafaɗa da cinya, kuma kowa da igiyarsa shi kaɗai da ta sauko daga can sama, a maƙala ta da ƙugiya a ƙirji. Akwai wani ƙarfe a jikin igiyar, in kana sauka a hankali ya bi ka, in ka faɗi ya cije. Heluma, wato shugabanmu, sai ya ja ƙugiyar kowa da hannunsa kafin a tashi. Ya ce duk wanda ya cire ta a sama, in ya sauko ya kama hanyar garinsu.

Ina jin tsoro, Kawu. Ban gaya wa kowa ba sai kai. Daga hawa na huɗu yake fara kama ni. Ba na duban ƙasa, bango kawai nake kallo, har na san kowace tsaga da ke jikinsa.

Abokin lilona ana ce masa Halleluya, don ko atishawa ya yi sai ya faɗi haka. Mutumin kirki ne. Shi ya ba ni wurin shimfiɗa tabarma a ɗakinsu, mu biyar, ya buga mini ƙusar rataya riga, ya kai ni cocinsu ya sa aka rubuta sunana a ajin baftisma. Sai dai da mun wuce hawa na uku, inda idon heluma ba ya kaiwa, sai ya cire ƙugiyarsa ya bar ta tana reto, ya kama waƙa. Shekara shida yana haka, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Na ce masa, "Yaya, ba ka tsoro?" Ya ce, "Ƙanena, tsoro da bangaskiya ba sa kwana ɗaki ɗaya. Ni hannun Allah ne igiyata."

To ni nawa tsoron har ya buga ƙusa ya rataye riga. Ke nan ba ni da bangaskiya? Yaya za a yi wa irina baftisma? Kai dattijon coci ne, ka gaya mini.

Direban da ke kai kaya wajenku duk mako biyu shi zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa. Ka ce wa Mama ina cin abinci.

Ɗanka,
Auta

* * *

Auta ɗana,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai. Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa ɗaura ƙyalle a hanci saboda fentin nan. Jikin uwarka da sauƙi.

Direba ya iso a makare, ga shi can yana matsa mini hon, tabarauna kuma akuya ta taka shi, don haka sama-sama na karanta takardarka. Na dai ga inda ka ce kana jin tsoro. Kai da ko mangwaro ba ka hawa, sai dai ka tsaya ƙasa kana tsince wa 'yan'uwanka, yau kai ne a hawa goma sha biyu. Ikon Allah ya wuce wasa.

Ga abin da zan ce a gurguje. Ka riƙe Allah da hannu biyu. Kada ka raba zuciyarka, rabi gare shi rabi ga wani abu. Wanda ya kai ka can ba zai sake ka ba. Na ji daɗin zancen baftisma. Ka gai da abokin naka mai waƙa.

Sauran magana sai na gyara tabarau.

Kawunka

* * *

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gai da Inna. Na samu takardarka, na karanta ta har ta fara yagewa a wajen ninki.

Ka ce jikin Mama da sauƙi. Haka aka ce mini a kan Baba ranar Talata, Alhamis aka binne shi. Na tare direba na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah. Ya ce shi da kansa ya kai ta asibiti, mutum biyu suka tallabe ta, kumburin ya hau har fuska, ido ya kusa rufewa. Don me ka ɓoye mini?

Na kasa cin abinci. Da hutun rana Halleluya ya zo ya zauna kusa da ni a kan buhun siminti, na gaya masa komai, na miƙa masa takardarka. Da ya karanta sai ya bugi cinya ya ce, "Kawun nan naka mutumin Allah ne. Ji fa, ya ce kada ka raba zuciyarka. Kai kuwa rabi na wurin Allah, rabi na jikin ƙugiya. Ta ina addu'arka za ta hau sama tana ɗaure?" Ya ce lokacin da matarsa ta yi doguwar naƙuda har likitoci suka fara kallon juna, a ranar ya fara cire tasa ƙugiyar, kafin ya sauko an haifa masa 'ya. Yana faɗa yana hawaye. Ba ƙarya yake yi ba, Kawu.

Na so in tambayi fasto ranar Lahadi, amma masu jiran ganinsa sun yi yawa, duk masu takalmi mai ƙyalli. Na tsaya, na tsaya, na ji kunya na tafi.

Ga abin da na yanke. Litinin ta uku daga yau za mu fara bangon ƙarshe, na gefen titi, daga hawa na sha biyu. Na yi wa Allah alkawari a ranar zan cire ƙugiya tun daga sama har ƙasa, shi kuma ya tayar mini da Mama. In na rufe ido sai in ga hulata tana faɗuwa tana juyawa, ba ta kaiwa ƙasa. Amma in tsorona ne ya danne Mama a kan gado, da wane ido zan kalle ta?

Na sa ranar da nisa ne don amsarka ta same ni. In na fahimce ka daidai, ba sai ka wahalar da idonka ba, shirunka ya ishe ni. Kada ka gaya wa Mama.

Auta

* * *

Auta,

Gaisuwa ta jira. Kada ka cire ƙugiyar nan. Na sake faɗa, kada ka cire ta, ko Litinin ko wata rana.

Laifina ne. Na amsa takardar da ban karanta ba, na kuma ce maka da sauƙi don kada hankalinka ya tashi. Yanzu na samu tabarau, na karanta duka biyun.

Ka saurare ni. Shekara talatin da ɗaya ina haƙa rijiya kafin bayana ya ƙi. Kai sama kake hawa, ni ƙasa nake shiga, amma igiya ɗaya ce. Kullum da safe sai na durƙusa a bakin rijiya na miƙa kaina ga Ubangiji. In na ce amin, sai in ɗauki igiya in bi ta kamu-kamu da tafin hannu, tun daga wannan bakin har wancan. Ban taɓa jin Allah ya yi kishi da igiyar ba. Shi ya tsiro da ramar da aka tuƙa ta, shi ya ba ni hankalin duba ta. Uwarka tana budurwa ita ke kawo mini abinci, sai ta zauna a bakin rijiya tana waƙar coci, idonta a kan masu riƙe mini igiya. In suka kama hira ta jefe su da hoge. Je ka ce wa wannan matar ba ta da bangaskiya.

Kuma ban taɓa shiga rijiya babu tsoro ba, ko sau ɗaya. Na binne abokai biyu da ƙasa ta rufta musu, igiyarsu lafiya lau, kuma sun fi ni addu'a. Ban san dalili ba har yau. Washegarin binne na biyun na tsaya a bakin rami da tsorona, na ce, "Ubangiji, ko na fito ko ban fito ba ni naka ne," na duba igiyata na shiga. Ni wannan shigar na sani da suna bangaskiya. Abokinka ba mugu ba ne, amma shekara shida Allah na yi masa haƙuri, shi yana tsammani lada ne.

Yanzu gaskiyar uwarka. Likita ya ce ƙoda ce. Tana iya daɗewa tare da mu, tana iya tafiya kafin kaka. Babu wanda ya sani sai Mai ita.

Ka ce kada in gaya mata. A bakin gadonta na buɗe takardar ina karanta mata da ƙarfi, kafin in ankara na kai tsakiya. Sai ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa: "Ka gaya wa mara kunyar nan, ban ɗauke shi wata tara don ya je ya yi wa Allah tayin wuyansa ba. Wani ya riga ya mutu domina a kan gicciye, ya isa, ba na neman na biyu. In ya zo sai na tsinke masa kunne."

Direba zai juya jibi. Na roƙe shi ya sa maka wannan a hannunka.

Kawunka

* * *

Kawu,

Yau Litinin, gari ya waye, 'yan ɗakinmu na wanke fuska a bakin famfo. Ina gaishe ka, ina gai da kowa.

Direba bai zo ba. Jiya bayan coci na je inda yake sauke kaya na zauna har rana ta yi sanyi. Na ɗauka dai shirun da na roƙa ne ka ba ni. Na gode, ko da yake na so a ce ka hana ni.

Sau huɗu na zaga bayan gida tun asuba. Halleluya ya ce Shaiɗan ne ke kaɗa mini hanji don ya ga an kusa kunyata shi.

Zan sa wannan a ƙarƙashin tabarma, na gaya wa na kusa da ni ya ba direba in ban dawo ba. Farar rigar da na tanada don baftisma tana jikin ƙusa, ko sau ɗaya ban sa ba, a ba wanda ta yi wa. Ka ce wa Mama ba ganganci na yi ba. In na taɓa ɓata maka rai ka yafe.

Ga Halleluya can yana kira.

Auta

* * *

Ɗana,

Ina gaishe ka, in wannan ta same ka.

Direba ya dawo yau. Ya ce ruwa ya cinye gada, motarsa ta kwana tara a bakin kogi da takardata a aljihunsa. Sai Laraba ya isa wajenku. Ya tarar da ɗakinku a kulle, ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Wata mai shago a layinku ta ce masa ta ji an yi hatsari a benen masu fenti ranar Litinin, an ɗauki wani zuwa asibiti, ba ta san ko wane ne ba. Bai iya tsayawa bincike ba, masu kaya na jiransa.

Ban gaya wa uwarka ba. Wannan karon ma ɓoyewa nake yi, Allah ya gafarta mini. Duk motar da ta ji ta wuce sai ta ɗaga kai ta kalle ni.

Ni da na cika maka takarda da wa'azi, ga shi addu'ata ta koma kalma biyu, "Ubangiji, Auta." Na kasa ƙara komai a kai. Na dai san yana ji.

In kana da rai, ko layi ɗaya ne ka aiko. In wani ne ke karanta wannan, don Allah ya gaya wa direba gaskiya, kada ya ce da sauƙi.

Kawunka

* * *

Kawu,

Ina raye. Na sa wannan a gaba, gaisuwa ta biyo baya. Ina gaishe ka, ina gai da Inna da Mama. Da hagu nake rubutu shi ya sa ya zama kamar tafiyar kaza. Kafaɗata ta dama ce ta goce, tsoka ta yage, an mayar an ɗaure. Sai da na fito asibiti na tarar da takardunka biyu, 'yan ɗakinmu sun ajiye su a ƙarƙashin tabarma kusa da wadda na bar maka. Na haɗo maka da ita, ka ga inda hankalina ya kai.

Ga yadda aka yi. Mun hau har sha biyu. Halleluya ya cire tasa tun a na uku yadda ya saba. Da muka gama layin farko ya ce, "Ƙanena, lokaci ya yi. Muna fara sauka ka cire." Ya ce danna, muka danna. Hannuna na dama a kan maɓalli, na hagu a kan ƙugiya. Na rufe ido ina cewa, Yesu ka ba ni ƙarfi in cire, Yesu ka ba ni ƙarfi. Babban yatsana na kan bakin ƙugiyar, ya ƙi motsi, kamar aro na yi shi. A zuciyata ina cewa shi ke nan, tsorona ya kashe Mama. Ashe Halleluya ya ce saki har sau uku ban ji ba. Shi ya saki, ni ina danne. Gefena ya yi ta sauka shi kaɗai.

Bokitin fenti ne ya fara zuwa, ya malale a kan daɓen lilo. Sai Halleluya ya biyo santsin, ya buge ni, muka haure shinge tare. Ban san yadda aka yi hannuna na dama ya shige cikin ɗamararsa ba. Ƙarfen nan ya ciji igiya. Na ji kafaɗata ta yi ƙara kamar an karya rake. Muka yi ta reto mu biyu a igiya ɗaya, a saman titi. Hular kwanonsa ta tafi, kuma wannan ta kai ƙasa, na ji ƙararta bayan an daɗe.

Halleluya bai yi waƙa ba. Abin da yake ta faɗa a hankali shi ne, "Kada ka sake ni, ƙanena, ina da 'ya." Ni sunan Yesu kawai bakina ya iya. Masu sa tayil a hawa na goma ne suka miƙo dogon katako ta taga, don ba a sa gilashi ba tukuna, suka jawo mu ciki.

Heluma ya zage mu har muryarsa ta dushe, sannan ya zauna a kan yashi ya dafe kai. Ya hana Halleluya hawa lilo, yanzu a ƙasa yake dama fenti. Ni ma na gaya masa ni ne ban saki maɓalli ba, da dalilin. Ya kalle ni ya ce da ba a ɗaure hannun ba da ya karya ɗayan.

Kullum Halleluya na zuwa asibiti, shi ke ba ni abinci a baki. Rana ta uku ya ce, "Ka ga hannun Allah ko?" Na ce, "Yaya, ni igiya na gani." Ya juya cokali, can ya ce, "To wa ya riƙe maka yatsa?" Sai hawaye suka zubo masa.

Abin nan na ta yi mini yawo a kai, Kawu. Tun da aka haife ni ban taɓa yin addu'a da dukan zuciyata kamar wannan ba, kuma ita ce aka hana ni. Da an ba ni abin da na roƙa, da mu biyu aka kwashe a titi. Ni karatuna bai kai in warware wannan ba. Na dai daina yi wa Allah sharaɗi. Ina roƙonsa ya tayar da Mama, safe da rana, in na gama sai in faɗi irin taka, ko ta tashi ko ba ta tashi ba mu nasa ne. Wurin yana yi mini wuya, amma ina faɗa.

Fasto ya zo duba ni, ashe ba shi da wuyar gani. Ya ce baftisma na nan tana jirana, matsorata ma ana yi musu. Heluma ya ce in kafaɗa ta warke lilo na nan. Zan koma. Na san tsoro zai kama ni daga hawa na huɗu. Ka koya mini yadda ake bin igiya kamu-kamu.

Direba ya ce gidan gaba na motar a cike yake wannan zuwan, amma ya yi mini alkawarin zuwa na gaba. Ina tsoron abin da zan tarar. Kada ka ce mini da sauƙi, zan gani da idona.

Wannan kam ka karanta wa Mama duka, da ƙarfi. Ka ce mata na ji saƙonta, ɗayan nan da ya mutu dominta ya ishe mu mu duka. Ta jira ni mako biyu, ina kawo mata kunnen da ƙafata.

Ɗanka,
Auta